In za ka taron bitar masu rumbun bayanai, tafi da matsalarka a aljihu

Wani ƙanena ya ishe ni a shago nan Mabera bayan la'asar, ko zama bai yi ba ya miƙo min wayarsa. Sanarwar taro ce a Abuja, na masu aiki da rumbun bayanai na kwamfuta, ranar Asabar, shiga kyauta. Na san abin da zai tambaya tun bai buɗe baki ba.

"Yaya, nawa aka ba mutum in ya tahi?"

Na ce ko sisi. Kuɗin mota naka, masauki naka, wani lokacin ma abincin rana sai ka sa hannu a aljihu. Ya dube ni kamar na yi masa ba'a. Ban ga laifinsa ba, don bitar da muka saba gani ita ce wadda ake sa hannu a takarda da yamma a karɓi alawus, a raba jaka da biro, kowa ya kama gabansa. Wannan kuwa wata aba ce daban, kuma tunda ba shi kaɗai ke tambayata ba, bari in shimfiɗa abin da na sani gaba ɗaya.

Irin wannan taro ma'aikata ne ke shirya wa junansu. Babu ma'aikatar da ta ba da kwangila. Mutum biyar ko goma masu kula da rumbunan bayanai a wurare daban-daban su ne za su ari ɗakunan karatu a wata makaranta, su roƙi kamfanoni su ɗauki nauyin shayi da kujeru, su nemi masu son gabatar da darasi. Masu koyarwar ba a biyansu. Wanda ya fi suna a duniya shi ne SQLSaturday, wanda aka fara a birnin Olando na jihar Fulorida a Amurka a 2007. Daga baya PASS, ƙungiyar masu aiki da manhajar rumbun bayanai ta SQL Server, ta karɓi ragamarsa, har ta rushe a Janairun 2021, amma taron bai mutu ba, mutanen da ke yinsa suka ci gaba, har ma aka samu wani mai kama da shi, Data Saturdays. Masu amfani da PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, su ma suna da nasu na yini ɗaya da suke kira PGDay. A Nijeriya ya fi yawa ka ga darussan rumbun bayanai sun shigo cikin babban taron masu rubuta manhaja, irin su DevFest na ƙungiyoyin masu amfani da kayan Google. Suna ya bambanta, amma tsarin ɗaya ne: ɗakuna biyu ko uku suna tafiya lokaci guda, kowane darasi bai cika wuce awa ɗaya ba, kai ke zaɓen inda za ka shiga. Turawa suna ce wa masu shiryawar wata kalma da fassararta ita ce 'yan sa-kai, amma a yankinmu in ka ce 'yan sa-kai wani abu daban ke zuwa zuciya, don haka ni masu hidima nake ce musu.

Zuwana na farko asara na yi, kuma ni na jawo. Na shiga darasi shida, na ɗauki hoton kowane allo da aka haska, na dawo Sakkwato da riga mai tambari da sitika huɗu da hotuna fiye da ɗari waɗanda har yau ban sake buɗe su ba. Da mai makarantar da nake kula wa da bayanan ɗalibai ta tambaye ni me na koyo, sai na kama kame-kame. Hannu rabbana na dawo, sai gajiyar hanya.

Don haka abu na farko, tun kafin ka yi rajista: zauna ka rubuta matsala guda ɗaya da ke damunka a wurin aiki. Guda ɗaya, ba jeri ba. Kuma kada ta zama irin "ina son in ƙware a SQL" (yaren da ake ba rumbu umarni da shi), wannan buri ne ba matsala ba. Matsala ita ce wadda za ka iya nuna wa mutum a allo cikin minti biyu ya ga inda ke ciwo.

Tawa a zuwa na biyu ga ta. Ranar raba sakamakon zango, wani dattijo ya shigo ofis riƙe da takardar ɗansa, ya aje ta bisa tebur ya ɗora yatsa. "Malam, wa yac canza ma ɗana suna?" Na duba. Inda ya kamata a ga Ɗahiru, abin da aka buga shi ne ÆŠahiru. Na ba shi haƙuri, na gyara da biro, amma na san ba shi kaɗai ba ne. Duk yaron da sunansa ke da ƙ ko ɗ ko ɓ haka takardarsa ta fito, wasu ma alamar tambaya ce ta maye gurbin harafin. Har na fara ce wa mai shigar da sunaye ta daina sa lanƙwasa, ta rubuta D da K kawai, abin da ni kaina na san gudun matsala ne ba magani ba. Wannan na rubuta a 'yar takarda na sa a aljihun gaba.

Sai shirya abin da za ka nuna. Nan ka kula ƙwarai. Kada ka kwashi bayanan mutane na gaskiya ka zuba a filashi ka tafi da su taro. Sunayen yara ne, da lambobin wayar iyayensu, da unguwanninsu, amana ce aka ba ka. Ban da haka akwai dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita. Abin yi shi ne ka gina ɗan ƙaramin rumbu mai tsari iri ɗaya da na wurin aikinka, ka cika shi da sunayen ƙirƙira layi ashirin ko hamsin, ka tabbatar matsalar ta bayyana a cikinsa. In ba ta bayyana ba, to ka riga ka koyi wani abu tun kana gida. Ka kuma rubuta wace manhaja kake amfani da ita da lambar fitowarta, don ita ce tambayar farko da duk wani masani zai yi maka, kuma abin kunya ne ka ce bari ka kira ofis.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk manhajar da aka ce za a yi aiki da ita, sauke ta tun kana Sakkwato, da dare lokacin da intanet ke da sauƙi, ka buɗe ta ka ga tana tashi. PostgreSQL da MySQL da MariaDB kyauta suke, SQL Server ma yana da fitowar da ake ba masu koyo da gwaji kyauta. Intanet ɗin wurin taro kada ka dogara da shi, mutum ɗari biyu ne a kansa. Na ga wanda ya cinye rabin darasi yana kallon layin saukewa yana rarrafe, malami ya kai mataki na bakwai shi bai fara na ɗaya ba. Ka cika laftof da caji, ka ɗauki fawa banki, sannan ka sa doguwar wayar jona wuta mai kafofi huɗu ko biyar a jaka. Wannan waya ta fi katin suna amfani. Soket ɗin ɗaki bai wuce biyu ko uku ba, duk wanda ya jona a taka ya zama abokin hira.

Maganar hanya gajeriya ce, don kowa ya san halin da ake ciki. In Abuja ne ko Kano, ta Talatar Mafara da Gusau da Tsafe da Funtuwa za ka bi, kuma ba hanyar da ake wasa da ita ba ce. Ka je tasha bayan asuba ka shiga motar farko, ka tambayi direbobi labarin hanya a ranar, kada dare ya same ka a daji saboda taro. In taron Asabar ne, ni Alhamis nake tashi, in kwana Kaduna wurin 'yan uwa, Juma'a in shiga jirgin ƙasa daga Rigasa. Mai hali ya hau jirgin sama daga filin Sultan Abubakar na Uku ya huta. In kuwa duk bai yiwu ba, tun 2020 da annobar korona ta hana taruwa, wasu tarukan nan suna sa darussansu a YouTube, wasu ma kai tsaye. Sai dai ka lissafa bambancin lokaci: gabashin Amurka yana bayanmu da awa biyar ko shida gwargwadon watan da ake ciki, wato safiyarsu la'asar ɗinmu ce. Kallo daga gida ya fi babu, amma akwai abin da ba ya shiga kyamara, zan zo kansa.

In ka yi rajista kuma tafiya ta fasu, ka koma ka soke. Kujera da abinci an ƙidaya su da kai, wani yana layin jira.

Zaɓen darasi. Jadawali yakan fito kwanaki kafin taro, kuma sau da yawa za ka ga lamba gefen kowane darasi: 100 na mai farawa ne, 200 na wanda ya ɗan taɓa, 300 da 400 na waɗanda suka yi nisa. Girman kai ne ya sa na shiga na 400 a zuwan farko, kan yadda ake raba rumbu ɗaya a kan manyan kwamfutoci da yawa, alhali ni duk dukiyata tsohuwar kwamfuta ɗaya ce ƙarƙashin teburin akawu, da fanka a gefenta saboda zafin watan Afrilu. Na fito ban tsinci komai ba. Yanzu ga yadda nake yi: biyu da suka shafi matsalata kai tsaye, ɗaya wanda ya ɗan fi ƙarfina, ɗaya kuma na bar shi fili ban shiga ko'ina ba. In ka shiga ɗaki ka ga ba naka ba ne, tashi a hankali ka koma wani, ba rashin ladabi ba ne a wurinsu, shi ya sa zama kusa da ƙofa ke da amfani. Ka kuma duba inda azahar da la'asar suka faɗa. A Kano ko Kaduna masu hidima sukan bar fili don salla, a wasu garuruwan kuwa kai za ka cire wa kanka, to tun da safe ka tambayi inda masallaci yake da inda ruwa yake.

A cikin ɗaki, daina ɗaukar hoton allo. Malamai kusan duka suna raba abin da suka haska bayan taro. Abin da ba ya cikin allo shi ne abin rubutawa: inda malami ya ce "mu da muka gwada wannan ya ƙone mu", ko amsar da ya ba wani mai tambaya. Misali, a wani darasi kan tambayoyin da ake aika wa rumbu amsarsu ta yi ta jan ƙafa, kowa ya ga an haska EXPLAIN, umarnin da ke nuna hanyar da rumbu zai bi ya nemo amsa, ko zai bi fihirisa ne ko zai karanta tebur duka layi-layi kamar mai neman hadisi ɗaya a littafin da ba shi da fihirisa. Amma da baki kawai malamar ta faɗi cewa a PostgreSQL in ka ƙara ANALYZE a gaba, ba hasashe yake ba, aikin yake yi da gaske, don haka in umarnin gogewa ne to ya goge, sai in ka kewaye shi da BEGIN da ROLLBACK, umarnin da ke warware abin da aka yi. Wannan jimla ɗaya ta fi hotuna ɗarin nan nawa daraja.

Yanzu ga abin da ba ya shiga kyamara, kuma shi ne dalilin da zai sa ka sha wahalar Tsafe da Funtuwa: baranda. Lokacin shayi da lokacin abinci, nan ainihin taron yake. Mu kuwa muna da wata ɗabi'a, da mun hango namu sai mu dunƙule a lungu ɗaya muna hirar gida har a koma ɗaki. Ka gaisa da naka, ku yi alkawarin haɗuwa da dare, sannan ka ɗauki farantinka ka zauna cikin baƙi. Kada Turancinka ya hana ka. Ba gasar lafazi ake ba, kuma allo yana magana da kansa.

Ni a kan benci na samu maganina, da shinkafa a cinya. Wani Bayarabe ne ya jona cajarsa a wayata, mai kula da rumbun bayanai a wani banki a Legas. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na buɗe laftof na nuna masa ÆŠahiru. Ya yi dariya har ya aje cokali, ya ce su ma haka ɗigon da ke ƙarƙashin haruffansu ke wahalar da su. Ya tambayi wane MySQL ne, na ce 5.7. Ya ce to ga inda gizo ke saƙa: tsofaffin fitowar nan, in ba ka ce komai ba, tsarin haruffan da ake kira latin1 suke ɗauka, shi kuwa bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Sai daga fitowa ta 8.0 a 2018 aka mayar da utf8mb4, wato cikakken tsarin UTF-8 da ya san haruffan nan, ya zama na asali. Ya zana min akwati uku a bayan takardar jadawali: gurbin da ake ajiye suna, da layin da manhaja ke magana da rumbu ta cikinsa, da shafin da ke nunawa. Ya ce dole ukun nan su yi yare ɗaya, in ɗaya ya saɓa suna ya lalace. Harafin Ɗ gida biyu yake ci a UTF-8, to in aka karanta shi da tsohon tsari sai kowane gida ya fito a matsayin harafi mai zaman kansa, shi ne Æ da Š ɗin da dattijon nan ya gani. Albishir ɗin shi ne irin waɗannan ana iya ceto su, don bayanin yana nan, karatunsa ne ya karkace. Waɗanda suka riga suka zama alamar tambaya a cikin rumbun kuwa sun tafi, sai a koma rajistar takarda a sake shigarwa. Ya ƙara da cewa masu SQL Server su ma suna faɗawa ramin nan in suka ajiye suna a gurbi irin na VARCHAR maimakon NVARCHAR mai ɗaukar haruffan nan.

Ina rufe laftof ina godiya sai ya ce kada in taɓa rumbun gaskiya sai na gwada a kwafi, ya tambaya ina da kwafin ajiya? Na ce sosai, kowace Juma'a nake yi. Ya ce yaushe rabon da in dawo da shi a wata kwamfuta in ga ya tashi? Na yi shiru. Ban taɓa ba, shekara uku. Bai yi min faɗa ba, ya dai gaya min ƙa'idar da suke bi: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Nawa duk a filashi ɗaya suke, cikin durowar teburin da kwamfutar ke ƙarƙashinsa.

In za ka yi tambaya a cikin ɗaki, ka yi ta gajere. Mu mun saba da doguwar shimfiɗa, godiya ga masu shiri da jinjina ga malami da tarihin kai, kafin a zo ga magana lokaci ya ƙare. Sunanka da garinka, manhajar da kake amfani da ita, abin da ka yi, abin da ka gani. In amsar mai tsawo ce, ka bi malamin baranda. Kuma kada ka nemi aiki a gaisuwar farko, ana gane mai yin haka tun daga nesa. Karɓi lamba ko adireshin imel na mutum biyu ko uku da kuka yi magana ta gaske, ka rubuta a gefe abin da kuka tattauna, don bayan mako ɗaya fuskoki sun cakuɗe. 'Yan uwa mata masu wannan aiki, ku ma ku je. Ku haɗa tafiya ku biyu ko uku in ya fi sauƙi a gida, kuma tarukan kirki suna da rubutacciyar ƙa'idar ɗa'a da wanda ake kai wa ƙara, ku duba ta kafin rajista.

Teburan kamfanonin da suka ɗauki nauyi, ka leƙa ka gaisa, su suka biya shayin da ka sha. Sai dai duk takardar da ka cika musu, ka san saƙonnin talla za su biyo ka. Satifiket kuma, wasu tarukan suna bayarwa wasu ba sa yi. In wurin aikinka sai sun ga shaida, ka roƙi masu hidima saƙon tabbatar da halarta, ka bari sai sun huce, don a ranar ko ruwa ba su samu sun sha ba. Kujeru goma da za ka taya su kwashewa da yamma sun fi dogon jawabin godiya.

Na iso gida Lahadi da dare. Litinin bayan isha'i na ɗauko filashin nan na ce bari in gwada maganar mutumin. Kwafin Juma'ar da ta wuce ya fara shiga, ya kai tsakiya, ya tsaya da kuskure. Na buɗe fayil ɗin na gangara ƙarshensa, sai na ga ya yanke a tsakiyar layi, babu 'yar shaidar kammalawa da mysqldump, manhajar yin kwafin, ke rubutawa a ƙasa. Filashin ya cika tun watanni, ni kuwa ina ta zuba rabin kwafi ina barci da minshari. Sai da na koma baya wata huɗu na samu mai lafiya. Zufar da na yi a daren nan ba ta zafin gari ba ce. Washegari na sayi faifan ajiya na waje, na yi sabon kwafi, na dawo da shi a tsohuwar laftof ya tashi, a kansa na gwada gyaran haruffa sau uku kafin in taɓa na makaranta. Zangon da ya biyo, Ɗahiru ya fito da lanƙwasarsa. Na aika wa mutumin Legas hoton gurbin sunan gwaji, ya amsa da cewa in gaida masu kilishi.

Kada ka bar abin da ka samo ya wuce mako ɗaya ba ka gwada ba, in ya wuce ya bi ruwa. Sannan ka faɗa wa wasu. Ni aji ɗaya na ara ranar Asabar da hantsi, na sanar a zauren WhatsApp na masu harkar kwamfuta, mutum tara suka zo, har da ɗalibai biyu daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da wata mai kula da bayanan wani kantin magani. Da Hausa muka yi, aka ɗauke wuta muka ƙarasa a allo da alli. Huɗu daga cikinsu suna da ciwon haruffan nan, kowa yana zaton shi kaɗai ne.

Ƙanen nawa dai ya yi rajista. Da na matsa masa ya kawo matsala, sai ya tuna lambobin wayar manoman albasa da yake shigar wa wata ƙungiyar haɗin gwiwa: sifilin farko yana ɓacewa, wasu lambobin kuma rumbun ya ƙi karɓa sam. Na san amsar, ya ajiye su ne a gurbin lissafi, alhali lambar waya suna ce ba adadi ba. Har na buɗe baki, sai na fasa. Na ce ya rubuta a takarda, ya gina ɗan rumbunsa na gwaji, ya nemi wanda zai nuna wa a baranda. Alhamis bayan asuba zan sauke shi tasha, wayar jona wutata tana cikin jakarsa, na kuma gaya masa ina son abata ta dawo.